Kofin Ardis Rustad

A gidan Rustad ba a taɓa buɗe baki an ce wa mutum ciwon ya kama shi ba. Gahawa ake zuba masa rabin kofi, shi ke nan magana ta ƙare. Ranar Lahadi in an taso daga coci an hallara a babban tebur, kowa a cika masa kofinsa har baki, kai kuma a tsaya maka a tsakiya, wai don kada hannunka ya yi rawa ka ƙona cinya. Ba mai dubanka, ba mai cewa uffan. Daga ranar za ka nemi makullin tarakta ka rasa, wuƙar yanka nama ta bar inda ka saba ganinta, in ka yi magana a yi maka murmushin da ake yi wa yaro. Mutanenmu na nan yammacin Wisconsin sun gwammace su ƙone a ciki da su faɗi abu a fili, kuma wai wannan shi ne kirki.

Ni ce Marlys, matar Arne Rustad, babban ɗan gidan, Allah ya ji ƙansa. Ina amarya aka zuba wa uwar mijina Borghild rabin kofi a gabana. Daga baya aka zuba wa mijina. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Likitoci suna kiransa cutar Huntington, mu kuwa "abin gida" muke cewa. Gado ne. In uwa ko uba na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Ba ya fitowa sai mutum ya girma ya tara iyali ya fara jin daɗin duniya. Sannan yatsu su fara motsi ba da izininsa ba, kafaɗa ta bi, tafiya ta koma ta mashayi, daga baya haɗiyar ruwa ma ta zama aiki. Amma a gidanmu dai fushi ne ke riga komai zuwa. Borghild ta jefi fasto da cokali. Arne, mutumin da ko kare bai taɓa daka wa tsawa ba, ya fasa gilashin mota da hannu don ta ƙi tashi. To ka ji dalilin da ya sa duk zuriyar ke tsoron a ɗaga murya.

Cikin irin wannan gida Allah ya jefo Ardis, ya kuma ba ta baki.

Ita ce ta biyu, tsakanin Arne da autansu Lyle. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, in ta kira shanu daga bakin rafi har na maƙwabta sai sun ɗago kai. Tun tana 'yar firamare take da zafin rai. An ce ta taɓa gantsara wa likitan dabbobi cizo don ya ja maraƙinta da kunne. Lokacin dariya ake yi, ana cewa halin kakanta ne. Sai da ta haura talatin aka daina dariyar, aka koma satar kallon yatsunta.

Ba ta yi karatu mai nisa ba. Tana gama sakandare jikin mahaifiyarsu ya rikice, ita ta karɓi tatsar safe da ta yamma, ita ke ba uwar abinci da ƙaramin cokali, ita ke yi mata wanka. Ta yi saurayi guda ɗaya, Gordon mai tuƙa tankar madara, yaro mai hankali, har ya ba ta zobe. Sai uwarsa ta gayyace ta cin abinci, ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi lafiyar shanu, ta tambayi lafiyar masara, can ta ce, "Jikin Mama fa, irin wanda ake gado ne?" Ardis ta cinye abincinta tas, ta yi godiya, ta zare zoben ta dasa shi a cikin kwanon man shanu ta fito. Gordon ya yi shekaru yana zuwa ɗaukar madara, tana tsaye tana gaya masa yadda zai juya motarsa.

Abin mamaki, duk masifar nan a ƙofar rumfar shanu take ajiye ta. Saniya in ta ji mutum a hargitse riƙe madararta take yi, ko ka sa mata inji ba za ta saki ba. Ardis za ta gama zazzaga wa mai kawo dusa ruwan bala'i a waje, ta tsaya ta ja numfashi, ta shiga tana yi musu magana ƙasa-ƙasa, kowace da sunanta. Ta san uwar kowace da kakarta. Na sha ce mata da za ta riƙa yi wa mutane rabin ladabin da take yi wa shanu da tuni an zaɓe ta shugabar matan coci. Sai ta ce ai shanu ba sa gulma.

Ranar da aka zuba wa Arne rabin kofi tana wurin. Ƙanwar mahaifinsu ce ta zuba, Goggo Thora, don ita ce babbar mace a lokacin. Mijina ya dubi kofin, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ardis ta miƙa hannu ta juye nata a cikin nasa har ya cika, ta tashi ta fita wajen shanu. Ba ta hana komai ba, makullin ya ɓace kamar yadda aka saba, amma ni tun ranar na san wadda zan bi a gidan nan.

Da gwajin jini ya fito, wanda ke gaya wa mutum tun yana lafiya ko yana ɗauke da abin, Lyle ne ya fara rugawa. Aka ce ba shi da shi. Na taya shi murna har zuciyata, Allah ya sani, amma daga ranar ya koma tafiya kamar wanda aka naɗa alƙali. Shi da matarsa Darla suka sa Ardis a gaba, wai sai ta je ita ma.

"In je in ji me?" in ji ta. "In sun ce ina da shi, shanun za su tatsi kansu gobe? In sun ce ba ni da shi, Yaya Arne zai miƙe daga kujerarsa? Auta, ka ji naka, ka riƙe abinka. Nawa yana wurin Mai shi."

"Don mu san yadda za mu shirya ne, Yaya."

"Ku shirya me? Akwatin gawa? Ai kafinta bai bar garin ba."

Gonar ta su uku ce, haka mahaifinsu ya bari, da sharaɗin ba a sayar da shanu sai biyu cikin ukun sun yarda. Da Arne ya rasu rabonsa ya dawo hannuna. Lyle a kantin kayan noma yake aiki a cikin gari, rabonsa da kama hantsar saniya tun yana saurayi, kuma ya daɗe yana so a rabu da garken a ba da filin haya. Ardis kuwa in ka raba ta da shanun nan ka gama da ita. Ka ga ke nan ni ce a tsakiya, kuma su duka biyun sun sani.

Maganar miyau daga 'yata Britta ta samo asali. Ita kaɗai muka haifa da Arne, rabi da rabin nan yana kanta ita ma, ga shi ta fara maganar aure. Wata Asabar Ardis ta kai ni taron iyalan masu wannan ciwo a babban asibitin birni, wai ita direba ce kawai, a mota za ta jira. Sanyi ya koro ta ciki. Wata nas ce ke bayani, Yolanda, 'yar gajeruwa mai fara'a. Ta ce akwai wani sinadari da jiki ke saki cikin jini idan hankalin mutum ya tashi, kotisol sunansa, kuma na kowa yana hawa da safe in ya farka, sannan ya sauka. Suna zaton a jikin masu ɗauke da ciwon hawan nan yana canzawa tun kafin yatsa ya motsa. In haka ne, wata rana za a iya gane lokacin da ya dace a fara magani, idan an samo maganin. Suna neman mutane, masu shi da marasa shi da waɗanda ba su sani ba, su riƙa ba da miyau a auna.

Daga can bayan ɗaki Ardis ta ce, "Miyau kawai?"

"Miyau, sai jini sau ɗaya a farko. Lamba ake sa wa jinin, ba suna ba. Ni kaina ba zan san abin da ke ciki ba."

"Ba kuma za ku bugo mini waya wata rana ina tsakiyar tatsa ku ce kuna da labari ba?"

"Ba za mu bugo ba."

A hanyar dawowa na ce mata, "Ke da kika ce ba ruwanki da likitoci?"

"Matarmu, yi mini shiru. Tun ina budurwa garin nan ke jiran ranar da miyau zai fara dalalo mini. Yau an samu masu roƙo da ladabi, ai sai in ba su." Can gaba a hanya ta ƙara da cewa, "In tofin da nake zubarwa a banza a bayan rumfa zai sa a yi wa Britta wani abu da wuri, su zo da bokiti."

Wahalar abin ba tofin ba ne, gahawa ce. Duk bayan 'yan watanni ake kawo mata 'yan kwalaben roba, kowace da curin auduga a ciki. Tana buɗe ido za ta tauna ɗaya, ta jira kamar rabin awa ta tauna wata, a tsakani kuma ba ci, ba sha, ba goge baki. Mace ce da ba ta iya gaida mutum sai ta kurɓi gahawa. Ni a ƙaramin gidan da ke ƙetaren fili nake zaune, ni ke taya ta tatsar safe, don haka ni ke shan masifar. Zan shigo in tarar da ita a kicin da rigar barci da takalmin roba, kumatu ya cika da auduga, tana hararar buta.

"Ina kwana, maigida?"

Sai ta nuna mini ƙofa. Ni kuma don neman magana in zuba nawa, in zauna a gabanta in yi ta kurɓa da ƙara. Tana tofar da audugar za ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ke. In sun ga abin ya yi sama su rubuta sunanki a gefe."

A firiza take ajiye kwalaben, cikin leda a ƙarƙashin naman barewa, har Yolanda ta zo ta kwashe. Ba wanda ya sani sai ni. Ba kunya ce ta sa ta ɓoye ba, sanin halin mutanenta ne.

Shekarar da abin ya faru, ƙofar shingen da ke kallon babban titi ta lalace tun kaka. Gyaran shinge aikin Lyle ne, shi kaɗai ya rage yana yi wa gonar. Yau zai zo, gobe zai zo, har dusar ƙanƙara ta sauka. Ardis ta ɗaure da igiya, ta tsinke, ta sake ɗaurewa. Wata safiya karsanarta Tulla, wadda ta shayar da bulumboti tun da uwarta ta mutu wajen haihuwa, ta ture ƙofar ta hau titi, tirelar gungume ta kwashe ta. Ba ta mutu nan take ba. Ardis da kanta ta ɗauko bindigar mahaifinsu ta ƙarasa ta a bakin hanya, ga karsanar da cikin fari.

Washegari Lahadi. Ana fitowa daga coci ta tare Lyle a kan matakala, gaban fasto da kowa, ta wanke shi tas. Ba sunan da ba ta kira shi ba: malalaci, mai hannun auduga, ragon da guduma ta fi ƙarfinsa. Ni dai a raina cewa nake, ƙara masa. Sai na juya na ga fuskokin mutane. Ba mai kallon Lyle. Ita ake kallo, da irin tausayin nan mai tayar da zuciya, tsofaffin mata suna haɗa ido suna gyaɗa kai. Wata a bayana ta ce a hankali, "Haka uwar ta fara." Ka ji fa. An kashe mata karsana, amma ba ta da ikon jin haushi kamar kowane ɗan Adam.

A cikin satin Darla ta zo ɗaukar naman barewa, ba ta tambayi kowa ba ta buɗe firiza, ta ci karo da ledar kwalabe da tambarin asibiti a jiki. Kafin yamma Lyle yana ƙofata, hula a hannu.

"Yaya Marlys, kin san da wannan?"

"Na sani."

"To ai kin gani. Mutum ba ya tara wa asibiti miyau sai an gaya masa wani abu. Na bincika, sinadarin tashin hankali suke aunawa. Ke ma kin ga abin da ta yi a coci."

"Na ga mace da aka bar wa ƙofa a ɓalle."

Ya sunkuyar da kai. "Na san laifina ne. Amma ba maganar ƙofa nake ba. Ita kaɗai ke shiga tsakanin shanun nan, ita ke hawa tarakta a kan gangare. Ni na tsinci Yaya Arne ranar da ta kife da shi, kin sani. Ba zan iya sake tsintar wani ba." Idonsa ya kawo ruwa. "Akwai mai saye, zai kwashe su gaba ɗaya. Ran Lahadi ke ce mai zuba gahawa. Ba sai an yi hayaniya ba."

Na ce ya tafi na ji. Abin haushin shi ne ba mugu ba ne. Da mugu ne da na kore shi da tsintsiya na huta. Tsoro ne ya cika shi, kuma irin tsoron nan ni ma ina da nawa. Satin nan gaba ɗaya idona na kan hannun Ardis wajen tatsa. In ta gyara kafaɗa gabana ya faɗi, in murfin bokiti ya suɓuce mata in ce shi ke nan. Mai lafiya ma sau nawa abu ke suɓuce masa a wuni? Amma in ka daɗe a gidan nan idonka lalacewa yake yi.

Ran Juma'a Yolanda ta zo kwasar kwalabe, na bi ta har mota na riƙe ƙofar.

"'Yar nan, tsakaninki da Allah, me miyaun nan yake cewa?"

"Mama, ban sani ba. Da na sani ma ba zan faɗa ba, alkawari muka yi mata." Da ta ga ban saki ƙofar ba ta ce, "Ko an nuna miki sakamakon ba zai amfane ki ba. Mu na mutane da yawa muke haɗawa mu duba, ba na mutum ɗaya ba, kuma har yanzu nema muke. Abin nan yana hawa a jikin wanda bai yi barci ba, da wanda aka yi wa rasuwa, da mai jinya. In na auna naki yanzu da kike riƙe mini ƙofa, Allah kaɗai ya san inda zai kai."

Na saki ƙofar. Na koma gida yadda na fito, ban ƙaru da komai ba.

Lahadi aka hallara a babban gida, inda Ardis take zaune. An shimfiɗa farin ƙyallen tebur na Borghild, wanda ta yi wa ado da allura kafin hannu ya ƙi ta. Ga dunƙulen nama da dankali, ga lefse, gurasar dankalin nan tamu, da man shanu da sukari. Lyle da Darla sun biya gidan tsofaffi sun ɗauko Goggo Thora, ka san an shirya abin ke nan. Ardis ta ci abincinta hankali kwance, tana ba Goggo labarin wata saniya da ta koyi buɗe famfo da harshe.

Aka kwashe kwanuka. Na tashi zan ɗauko buta, sai na ga Darla ta riga ni, don ta karanta fuskata tun a coci. Ta cika wa Goggo, ta cika wa mijinta, ta cika mini, ta cika nata. Ta zo kan kofin Ardis ta zuba, ta ɗaga butar a tsakiya.

Na yunƙura, Ardis ta ɗora hannu a gwiwata ta ƙarƙashin tebur ta danne. Ta daɗe tana kallon kofin. Da ta yi magana ba ta ɗaga murya ba, wannan ma ya fi ba su tsoro.

"Darla, gahawar ce ta ƙare?"

"A'a, Yaya Ardis. Na ga dai da zafi ne."

"Tawa ce kaɗai mai zafin?" Ta juya wajen ƙaninta. "Auta, kai ka sa ta?"

"Yaya, ba wanda ke son ɓata miki rai."

"Ai an riga an hana ni ɓacin rai a gidan nan. In na yi shiru ku ce ciwo ne ya ɗaure mini baki, in na yi faɗa ku ce ya fara. Ka bar ƙofa ta kashe mini Tulla, na harbe ta da hannuna, hannun kuma bai kuskure ba. Me kake so in yi maka a coci, in rungume ka?"

"Kwalaben fa?"

"Miyauna ne. Don Britta nake bayarwa, in kana son sani. Ban tambaye su komai ba, ba su gaya mini komai ba."

Goggo Thora ta ce, "Ardis, haka aka saba yi. Don a rufa wa mutum asiri ne."

"Na sani, Goggo. Ina tsaye a bakin ƙofar can aka yi wa Mama. Kin san abin da ta ce mini ranar, ina cire mata takalmi? Ta ce da sun tambaye ta da ta gaya musu tun bara. Ta yi shekaru bayan nan da hankalinta, ba wanda ya sake tambayarta ko gishiri ya ji a miya."

Ta ɗauki butar. Na zaci kanta za ta cika wa, sai ta miƙa wa Lyle.

"Kai ne aka wanke, kai ne mai lafiya. Tashi ka cika mini, har baki. In kuma ka tabbata na fara, ajiye butar ka dube ni ka faɗa da bakinka, a gaban Goggo."

Lyle ya miƙe, fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya karkata butar, sai ga bakinta yana bugun gefen kofi, ƙwas-ƙwas-ƙwas, hannunsa na karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ya sa ɗaya hannun ya tallafa, duk da haka gahawa ta cika kofin ta tsallake, ta malale a kan farin ƙyallen Borghild har gaban Goggo.

Darla ta toshe baki. Shi kuwa ya tsaya yana kallon hannunsa, mutumin da likita ya tabbatar masa ba shi da komai.

"To," in ji Ardis. "Darla, daga yau sai ki riƙa zuba wa mijinki rabi."

Ni na fara fashewa da dariya, na kasa riƙewa, Goggo ta biyo ni har tana tari. Lyle ya zauna ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa, kuma ba dariya yake ba. Ardis ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta ɗaga kofinta da ya tumbatsa ta kurɓa.

"Saurare ni, Auta. Wataƙila ina da shi. Wataƙila gobe ne ma. Ranar da ya zo ni zan fara sani, kafin kai, kafin masu kwalabe, kuma da bakina zan faɗa a teburin nan. Kafin ranar, shanuna suna nan. In kuma ka sake bar mini ƙofa a ɓalle, har cikin coci zan bi ka, ba matakala ba."

Na ce, "Ni dai rabon Arne ba na sayarwa ba ne, kowa ya ji da kyau."

Litinin da sassafe muna cikin tatsa muka ji ƙarar guduma a bakin titi.

An yi shekaru masu kyau bayan nan. Ta ci gaba da tatsarta, ta ci gaba da tauna audugarta tana hararata. Britta ta yi aure, Ardis ta yi rawa a wurin bikin har ta karya dunduniyar takalmi. Ta yi faɗa da mai kawo dusa, ta yi da mai share dusar ƙanƙara a titi, ta yi da sabon fasto, ba kuma wanda ya ƙara gyaɗa kai, a gabana dai.

Bara da kaka, wata Lahadi, an gama cin abinci ta ƙwanƙwasa tebur da cokali. Ni tun bazara na gani, yatsun hagu suna ɗan wasa a kan cinyarta in ta zauna, amma na kame bakina don ba ni ce mai faɗa ba.

"To jama'a, ya iso," ta ce. "Na je da ƙafata an duba, an tabbatar. Tarakta na bar wa Auta daga yau. Shanu zan ci gaba da tatsa ni da matarmu har ranar da na ga sun fara jin tsorona, ranar kuma ni zan zaɓi mai saye, ba wanda zai kai su mahauta ba. Masu miyau sun ce har yanzu suna so, to za su samu. Akwai mai tambaya?"

Babu mai tambaya. Lyle yana share ido, Darla ta rasa inda za ta sa nata. Ni kuwa na san hanyar nan daga farkonta har ƙarshenta, na bi ta da Arne. Na tashi na ɗauko buta. Da na zo kanta ta turo mini kofi, ta ɗago ta dube ni.

Na cika shi har baki.

Ta ɗauka da hannu biyu. Kafin ya kai bakinta ya fantsama a kan ƙyallen Borghild, kusa da tsohon tabon Lyle da bai taɓa fita ba. Ta shanye abin da ya rage, ta dire kofin.

"Ƙara mini, matarmu," ta ce. "Ƙyallen ai ni ke wankewa."